Wuƙar aljihu ta gargajiya mai naɗewa: sabo ne ko akwai amfani?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana. Kasuwa ta cika da wuƙaƙen aljihu na zamani, waɗanda ake buɗewa da yatsa ɗaya, wasu ma da an taɓa su sai su fallo da kansu, ga makulli ga maƙalin aljihu. Amma har yanzu dattawa da masu sana'a da dama ba sa rabuwa da irin ta dā, wadda sai ka sa farce ka jawo ruwanta da hannu biyu. Shin akwai wani amfani na gaske a tattare da ita, ko sabo ne kawai? Kuma in mutum zai saya, me zai duba?

Baba Maƙeri:
Wa alaikumus salam. Ba sabo ba ne kawai, ɗana. Fara sanin abin da ke cikinta tukuna. Wuƙar gargajiya mai sifirin kayanta kaɗan ne: ruwan wuƙa, ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta, sifirin da ke kwance a gadon bayan ƙota, faranti biyu na ciki na tagulla ko na ƙarfe, sai ƙotar kanta ta itace ko ƙaho ko ƙashi. Gindin ruwan, wato inda ke ɓoye cikin ƙota, an yi masa kusurwoyi. In kana buɗewa, kusurwa tana tura sifirin sama. Da ta wuce sai sifirin ya komo ya danne gefen da ke a shimfiɗe, ya riƙe ruwan a miƙe. Haka yake yi in an rufe. Babu makulli, ƙarfin sifirin ne ke aikin duka.

Dubi Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet ke ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929. Guda shida ce kacal: ruwa, ƙotar fallen ƙarfe ɗaya da aka ninke, sifirin, ƙusa biyu, da zoben rataya. Shi ya sa ta karɓu a kasuwannin Arewacin Afirka da ƙasashen da Faransa ta mallaka, inda babu mai sayar da kayan gyara. To ka kwatanta da ta zamani: ƙananan ƙwallayen boris a mahaɗa, sukurori masu kan tauraro da sai ka nemo sukundireba lamba T6 ko T8, wani lokacin da sifirin na fizgo ruwa wanda yakan gaji ya karye. Ƙurar hunturu in ta shiga boris sai ka kwance wuƙar gaba ɗaya. Ta gargajiya kuwa ka wanke ta, ka busar, ka ɗiga mai, ta koma aiki.

Mai Lambu:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a ganina babban amfanin ba a mahaɗa yake ba, a sirantar ruwa yake. Opinel lamba 8, wuƙar Faransa mai ƙotar itace, tsawon ruwanta santimita 8.5, kaurin bayanta bai kai milimita 2 ba, kuma an sirance ta tun daga baya har baki. Yawancin na zamani kaurinsu milimita 3 zuwa 4 ne, don an yi su ne su jure bugu da banƙara. Sa mai kaurin a jikin albasa ko dankali ko ɗanyen mangwaro ka gani: ba ta ratsawa, faskarawa take yi kamar gatari a itace, ko da bakinta na aske gashi. Kaifi na fara yanka, amma kaurin da ke bayan kaifin shi ke yanke hukuncin ko ruwan zai wuce salin-alin.

Aikin yau da kullum kuwa kusan duk na yanka ne: igiya, bakin buhu, kwali, fere rake, ɓare lemu, tsaga goro, yanke asuwaki, fiƙe fensir. Babu ɗaya da ke neman ruwa mai kauri. Ga kuma nauyi: Opinel lamba 8 kusan giram 45 ce, har ka manta tana aljihun kaftani. Buck 110, da ta fito a Amurka a 1964, ta gargajiya ce ita ma, amma ta kai giram 200, shi ya sa ake sayar da ita da kube na ɗamara. In aka sa ta a aljihun gaba, rigar ce za ta karkace.

Bakanike:
Ku yi haƙuri dattawa, ni ina da ja. Wuƙar da ba ta da makulli tana rufewa a kan yatsu, wannan ba jita-jita ba ne. Na biyu, akwai aikin da hannu ɗaya ne kawai ke sake: kana kan tsani, ko ka riƙe tiyo yana tsiyaya, ko ka danne igiyar da ta shaƙe dabba. A nan wuƙar da sai da hannu biyu take buɗuwa ta bar ka a rana. Ba banza ba kamfanin wuƙaƙe na Spyderco suka fito da ramin buɗewa da yatsa a jikin ruwa da maƙalin aljihu a 1981, kuma duniya ta bi su. Ga hannun da ya sha baƙin mai ko farcen da ya karye, tsagar jikin ruwa da ake sa farce a jawo shi ba ta kamuwa. Kada mu yabi tsohon abu don tsufansa kawai.

Baduku:
Malam Bakanike, maganarka ta hannu ɗaya babu gardama a kanta. Mai hawa tsani da mai aikin ceto su nemi wuƙar hannu ɗaya ko wadda ba ta naɗewa sam. Amma batun rufewa a kan yatsu yana da dalilai sanannu, kuma duk ana kauce musu.

In kana yanka da baki, ƙarfin da ka sa yana ƙara tura ruwan ne ya buɗe, ba ya tura shi ya rufe. Wuƙa na rufewa ne in ƙarfi ya zo daga bayan ruwa ko daga tsini. Yaushe hakan ke faruwa? In ka soka tsini a abu mai tauri kana turawa, hannu ya ɗan karkata. In kana huda rami kana murza tsini. In ruwan ya maƙale a itace ko roba ka fizgo shi sama da ƙarfi. Ko bayan ruwan ya bugi wani abu kana janyewa. To ga magani: huda aikin basilla ne, ba na wuƙa ba. In dole sai ka yi aiki da tsini, kama ruwan kansa da babban yatsa da manuni kusa da tsinin, sauran yatsun kada su zagaye ƙota ta gefen da ruwan ke kwanciya. In ya maƙale, daina ja, ka buɗa tsagar da ɗaya hannun sannan ka zare a hankali.

Kuma wuƙaƙe da yawa an yi musu matsaya a tsakiya: gindin ruwan murabba'i ne, sai ruwan ya tsaya cak in ya kai rabin hanya. Wannan yana ba yatsa damar kaucewa. Mai makulli ma ba amana ce ɗari bisa ɗari ba. Makullin mai araha in ƙura ta cika gurbinsa ko ya suɗe, yana suɓucewa, kuma a lokacin mutum ya saki jiki ya danna da dukkan ƙarfinsa.

Bakanike:
Na yarda da batun makulli mai araha, ana ganin haka. Amma ai akwai na gargajiya masu makulli, me ya sa ba ku ambace su ba?

Baba Maƙeri:
Akwai su, kuma su ne tsaka-tsakin da zai raba gardamarku. Iri uku ne aka fi sani.

Na farko zoben Opinel. Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙar a yankin Savoie a 1890, ba sifirin ba makulli, matsin itace ne kawai ke riƙe ruwan. A 1955 ɗansa Marcel ya ƙara zoben ƙarfe da ake murzawa ya tare gindin ruwa. Daga lamba 6 zuwa sama ne ke da zoben, ƙananan ba su da shi. Daga baya aka gyara shi yana kulle ruwan ko a rufe, don kada ya buɗe a aljihu.

Na biyu Okapi. An fara ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Sifirinta a waje yake, kwance a bayan ƙota, da zobe a jikinsa. In za ka rufe, ka sa yatsa a zoben ka ja sama, haƙorin gindin ruwa ya fita daga gurbinsa, sannan ka tura ruwan da tafin ɗaya hannun ta baya. Inda ake yankewa shi ne in mutum ya bar sauran yatsunsa a kan tsagar ƙota yana kokawa da zoben.

Na uku makullin baya, irin na Buck 110 da Mercator ta Jamus: sandar ƙarfe ce mai ƙugiya da ke faɗawa cikin gurbi a gindin ruwa, sai ka danna ƙarshenta ta saki. Abin da ke kashe shi datti ne a gurbin. Tsinken sakace da digon kalanzir sun isa su fitar da shi.

Malamin Allo:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Bari in ƙara da aikin da babu abin da ya kai ƙaramar wuƙa siririya iya shi, wato fiƙe alƙalami. A sami busasshen karan gamba mai ƙwari, tsawon kamu ɗaya. A fara saɓe shi a karkace daga wajen santimita 3 zuwa baki, da yanka ɗaya mai tsawo, ana tura ruwan da babban yatsan hannun da ke riƙe da karan, ba da ƙarfin kafaɗa ba. A kankare ɓargon ciki. A rage gefe biyu kaɗan-kaɗan har bakin ya kai faɗin da ake so rubutu ya yi. Sannan a tsaga tsakiyar bakin, gajeriyar tsaga, don tawada ta riƙa gangarowa. A ƙarshe a ɗora bakin a kan itace mai tauri a datse shi sau ɗaya. In wuƙar ba ta da kaifi, bakin zai tauye ya yi gashi-gashi, rubutu ya riƙa yin biyu-biyu. In ruwan mai kauri ne, tsagar za ta zarce ta raba karan. Reza tana yi, amma ba ta da mariƙi, tana lanƙwashewa, kuma ita ce ke yawan yanke almajirai.

Mai Lambu:
Haka yake a auren mangwaro, Malam. Uwar da za a ɗora a kanta ta kai kaurin fensir. Reshen da za a ɗora ya zama santimita 10 zuwa 15, mai ido a kumbure, an cire masa ganye kamar mako guda kafin a yanko shi. A datse uwar, a tsaga ta tsakiya santimita 3 zuwa 4. A fere gindin reshen gefe biyu daidai tsawon tsagar, kowane gefe da ja ɗaya. Sirrin ke nan: ja ɗaya. In ka yi ta sassaƙa, fuskar za ta yi tudu da kwari, ba za ta manne da uwar ba, iska ta shiga ta busar. A daidaita ɓawo da ɓawo ko da a gefe ɗaya ne, domin koren da ke ƙarƙashin ɓawo shi ke haɗewa. A naɗe da zirin leda daga ƙasa zuwa sama, a rufe kan don kada ya bushe. Cikin mako biyu zuwa huɗu za a ga toho in ya kama. Kuma a goge ruwan da sifirit tsakanin bishiya da bishiya, don wuƙa na ɗaukar cuta daga wannan ta kai wa waccan.

Hajiya Mai Abinci:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni tambayata a kan ƙarfen ne. Ana ta yabon baƙin ƙarfe, amma yana baƙanta albasa, yana sa wa lemu da abarba ɗanɗanon ƙarfe, in aka bar shi da danshi kuma kafin gari ya waye ya yi tsatsa. Ga wanda zai riƙa yanka 'ya'yan itace da ita, me ya sa ba zai sayi mara tsatsa ya huta ba?

Baba Maƙeri:
Hajiya, ki sayi mara tsatsa, ba laifi ko kaɗan. Bambancin shi ne: baƙin ƙarfen wuƙa ƙarfe ne da ɗan kabon, irin 1095 kusan kashi 0.95 cikin ɗari, na Okapi 1055 ƙasa da haka. Mara tsatsa an zuba masa sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5, na wuƙa galibi wajen 13. Irin 12C27 na Sweden da Opinel ke amfani da shi, ko na kamfanin Victorinox na Switzerland, suna wasuwa da sauƙi kusan kamar baƙin ƙarfe. Saboda haka tsohon zancen cewa mara tsatsa ba ya kaifi, na ƙarfen banza ne, ba na waɗannan ba.

Wanda ya zaɓi baƙin ƙarfe kuwa ya bambance abu biyu. Launin toka-toka ko shuɗi-baƙi da ke hawa ruwan bayan yankan albasa ko mangwaro ba tsatsa ba ne, rigar kariya ce, kada a kankare ta. Da ta zauna, ɗanɗanon ƙarfen nan yana raguwa sosai. Ana ma iya gaggauta ta: a wanke maiƙon ruwan, a shafa ruwan lemun tsami, a bari minti 15 zuwa 20, a wanke, a busar, a shafa mai. Jar tsatsa ita ce abokiyar gaba, tana cin ƙarfe tana barin ramuka. A goge ta da toka da ɗan mai a tsumma, ko soson ƙarfe mai laushi.

Hajiya Mai Abinci:
Na gode Baba. Wane mai ke nan? Don man keken ɗinki ba zai shiga abinci ba.

Baba Maƙeri:
Farin man farafin da ake sayarwa a kemis, wanda ake sha don bushewar ciki. Ba ya wari, ba ya ɓaci. Digo ɗaya a mahaɗa, a buɗe a rufe sau da yawa, a goge abin da ya fito. Man gyaɗa da man ja suna yi na kwana biyu, amma in suka daɗe sai su yi danƙo su kama ƙura, mahaɗa ta ƙage. Man keke na wuƙar da ba ta taɓa abinci ne. Kuma kada a cika: mai da yawa a hunturu shi ke tara yashi ya riƙa cin ƙusa.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Ina so in ja hankali kan tsabta, don nan ne wuƙa mai naɗewa ta fi rauni. Tsagar ƙota da mahaɗa suna ɓoye jini da kitse da ruwan nama. Wanda ya yanka ɗanyen nama ya goge ruwan a tsumma ya rufe, anjima ya ɓare wa yaro lemu, ya kai masa ƙwayoyin cuta. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a sa tsohon buroshin haƙori cikin tsagar, a girgije ruwan, a bar ta a buɗe rabi ta bushe. Na biyu, kada a yi karo-karon wuƙa wajen yanke farce ko aski ko cire ƙaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7.

In an yanke: a danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa ana leƙe, hannu a sama, sannan a wanke da ruwa mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, toka, fetur ko man birki. In yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya mutu ba a jin taɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, jijiya ce ta taɓu, a tafi asibiti a ranar. Ƙwayar tetanus a ƙasa da kashin dabbobi take, ba tsatsar kanta ce ke kawo ta ba, don haka manoma da makiyaya su tabbatar allurarsu ba ta wuce shekara 10 ba.

Mahauci:
Tunda an zo nan, a ji wannan da kyau kafin Babbar Salla: wuƙar aljihu ba ta yankan rago ba ce. Ruwan santimita 7 ko 8 ya yi gajarta ga wuyan rago, sai an yi ta kai da kawowa, dabba ta wahala, alhali an umarce mu da wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Ga jini yana sa ƙota santsi, dabba ta fizge, mara makulli ta rufe. Yanka na wuƙa ce doguwa wadda ba ta naɗewa. Ta aljihu ta tsaya a yanke igiya, tsaga fatar ƙafa wajen fara fiɗa, da gyaran kofato.

A kan kofaton ma, samfurin Amurka da ake kira Stockman, irin na kamfanin Case, an yi shi ne don masu dabbobi. Ruwa uku ne a ƙota ɗaya: dogo mai tsini na aikin gaba ɗaya, gajere mai miƙaƙƙen baki da dunƙulallen kai na kofato da fata da igiya, sai mai zagayayyen kai na fiɗiya don kada ya soki inda ba a nufa ba. Amfanin ruwa uku shi ne a ware ɗaya na abinci kawai, ɗaya na aikin datti, ɗaya a bar shi da kaifin aska.

Baduku:
Gargaɗi a kan masu ruwa da yawa: sau da yawa ruwa biyu sifirin ɗaya suke hawa, ɗaya a kowane ƙarshe. Kada a buɗe su rabi-rabi a lokaci guda, domin a rabin hanya ne sifirin ya fi banƙarewa, in aka banƙare shi ta kai biyu yana iya sanyi ko ya karye. A buɗe ɗaya ya kai ƙarshe kafin a taɓa na biyu.

Direban Dogon Zango:
Akwai amfanin da ba a faɗa ba, kuma ga matafiyi shi ne kan gaba: yadda jama'a da hukuma ke kallonta. Ƙaramar wuƙa mai ƙotar itace ko jar Victorinox mai almakashi, kowa ya gani ya san kayan aiki ce. Baƙar wuƙa mai fallowa da ƙara kuwa, ko lemu za ka ɓare da ita a tasha sai an ja da baya, a shingen bincike kuma sai ka yi dogon bayani. A garuruwan da ake fama da 'yan daba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A wasu ƙasashen ma doka ce ta raba su. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa ba tare da ya kawo dalili ba in bakinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma ba ta da makulli. Ka ga Opinel lamba 8 ta faɗi ta fuska biyu, ga tsawo ga zobe. A Jamus kuma an hana yawo da mai makulli da ake buɗewa da hannu ɗaya. A jirgin sama, maniyyata da sauran matafiya su sa ta a babbar jakar da ake aunawa, kada ta kwana a aljihu ko jakar hannu, za a karɓe. Kuma ko a gida, kada a shiga da ita taron siyasa, filin ƙwallo, kotu ko makaranta.

Sabon Shiga:
Na ƙaru ƙwarai. To batun kare kai fa? Wasu don shi suke riƙe wuƙa.

Direban Dogon Zango:
Ka cire wannan daga ranka, ƙanena. Mara makulli in aka soka ta, yatsun mai ita take fara ci. Kuma zaro wuƙa a rigima yana mai da cacar baki ta koma jini da kurkuku. Wanda ya riƙe ta da wannan niyya ya bar ta a gida ya fi masa.

Bakanike:
A nan dai bakinmu ɗaya. Kuma zan ƙara wa masu gargajiya maki guda: washi. Ƙarfen na zamani masu tsada, irin S30V ko D2, taurinsu yakan kai 60 a ma'aunin Rockwell, ga ƙwayoyi masu tauri a ciki, dutsen washi na kasuwa ba ya cin su sosai sai mai lu'ulu'u. Na gargajiya galibi 55 zuwa 58 ne, suna dakushewa da wuri amma minti biyar sun dawo. Baba, a ba mu tsarin washin dalla-dalla.

Baba Maƙeri:
To. Kusurwa tukuna: digiri 20 kowane gefe ya dace da aikin yau da kullum. Hanyar gane ta ba na'ura: ɗaga bayan ruwa daga dutse kamar sulusin faɗin ruwan. In faɗinsa milimita 15 ne, ɗaga milimita 5. Shafa baƙar maka a bakin kafin ka fara. In dutse ya goge tawadar har ƙarshen baki, kusurwarka daidai ce, in ya bar layi a bakin ka ɗan ƙara ɗagawa.

Jiƙa dutsen da ruwa. Fara da gefe mai kaushi, kamar lamba 400 a ma'aunin kaushin dutse. Yi ta gogawa a gefe ɗaya, daga gindi zuwa tsini, kana ɗan ɗaga ƙota in ka zo lanƙwasar ciki, har sai ka ji wani siririn gashin ƙarfe ya kwanto ta ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. Ana jin sa ne in an shafo yatsa daga bayan ruwa zuwa baki, ba a bin tsawon baki. Rashin jiran wannan gashin shi ne dalilin da mutane ke wasa wuƙa rabin sa'a ba ta yi kaifi ba: gefe biyun ba su haɗu ba. Juya ka yi haka a ɗaya gefen. Koma lamba 1000, kana sauya gefe kowane ja, kana rage nauyin hannu. A ƙarshe ja ruwan a kan fata da baya-baya, sau 10 zuwa 15 kowane gefe, gashin ya fita. In ba a cire shi ba, wuƙar za ta yi kaifi a yankan farko, a na uku ya kwanta ta dakushe.

In babu dutse, samfefa lamba 400 da 1000 a shimfiɗe kan gilashi ta isa, ana ja da baya-baya. Zoben gindin kofin tangaran, inda ba a shafa ƙyalli ba, yana ta da kaifin da ya ɗan kwanta.

Abin da na hana shi ne kai ta wurin injin gurza. Siririn baki yana zafi cikin daƙiƙa. In ka ga ya yi ruwan ƙasa, ya haura digiri 200. In ya yi shuɗi, ya kusa 300, taurin wurin ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye ƙarfen da ya ƙone.

Mai Lambu:
Ni a aikin aure digiri 15 nake ba da shawara, Baba, ko ma a wasa gefe ɗaya kawai a bar ɗayan a shimfiɗe don fuskar yanka ta fito sumul. Amma wannan bakin ba ya jure busasshen itace ko waya, yana lanƙwashewa. Don haka 20 ɗin ta fi ga mai wuƙa ɗaya.

Ga masu ƙotar itace irin Opinel kuma, damina na kumbura itacen ya matse ruwa har farce ya kasa jawo shi. Kada a sa filaya. A kama wuƙar ta wajen zobe, a buga ƙarshen ƙota a kan tebur, tsinin zai leƙo a kama. Maganin dindindin: a bar ta ta bushe sarai a inuwa, a goge cikin tsagar da samfefa kaɗan, a cusa basilin a mahaɗa. A yi gugar da hankali, don in hunturu ya zo itacen zai tsuke, wadda aka cinye da yawa ta koma sako-sako. Kuma ba a jiƙa ta cikin kwano a bari.

Sabon Shiga:
Saura abin da zan duba a wurin mai kaya, don jabu sun yi yawa.

Baduku:
Buɗe ta ka ji: ruwan ya tafi sumul ba ƙasa-ƙasa, ya faɗa wurinsa da ƙara mai tsabta. Kama tsinin da tsumma ka girgiza hagu da dama. Motsi kaɗan ana gyarawa, amma motsin sama da ƙasa a wuƙa mai sifirin alamar sifirin ya mutu ne, ka bar ta. Ɗaga ta ga haske ka dubi baya: kada haske ya ratsa sosai tsakanin sifirin da faranti. Rufe ta ka duba ruwan bai gogi gefe ba, tsinin kuma ya nutse cikin ƙota. Tambarin gindin ruwa na asali bugawa ake yi, harafinsa tsaf. Na jabu yakan yi dishi-dishi ko ya karkace. Tsawon ruwa santimita 6 zuwa 8 ya ishi aikin gari.

Kuma in ka saya, raka ruwan da hannu har ya kwanta, kada ka sake shi sifirin ya maka shi. A wasu samfurori, irin Douk-Douk da Laguiole, bakin yana iya dukan sifirin daga ciki, sai ka ga wuri ɗaya kullum yana dakushewa ba ka san dalili ba.

Baba Maƙeri:
Gyara biyu da mai wuƙa zai iya da kansa in ta tsufa. Na farko girgiɗin hagu da dama: buɗe ruwan, cusa tsohuwar reza tsakanin gindinsa da faranti, ɗora kan ƙusar a kan maƙera ko wani ƙarfe mai nauyi, ka ɗan bubbuga ɗaya kan da ƙaramar guduma. Bugu biyu ko uku, ka zare rezar ka gwada. Rezar ce ke hana ka matse ta fiye da kima. In ka matse ba ita, sassautawa wuya gare ta.

Na biyu, bayan shekaru ana washi ruwan yana ragewa, sai tsinin ya fara leƙowa waje ko an rufe, ya yage aljihu ko ya soki yatsa. A gindin ruwa, ta gefen baki, akwai ɗan tudun da ba a wasawa, shi ke sauka a kan sifirin ya tsai da ruwan. Sa magagari mai laushi ka rage tudun, ja biyu ko uku, ka rufe ka duba, domin abin da ka cire a gindi yana ninkuwa sau da yawa a tsini. Da tsinin ya ɓuya ka tsaya. In ka zarce, bakin zai sauka har kan sifirin, tsagar farcen ma ta nutse cikin ƙota ka rasa inda za ka kama.